Wayar da Ta Shafe Billen Tabawa

Labarin ya zo mana Adabka a rubuce a bayan kwalin sabulu. Wani alhaji mai sayar da atamfa a Anka ne ya aiko da shi bayan ya dawo daga aikin hajji, a shekarar dubu biyu da goma sha bakwai. Lamba ce doguwa mai sifili biyu a gaba, a ƙarƙashinta kuma an rubuta da ajami cewa Nuhu ɗan Adabka yana raye, yana garin Gadarif a ƙasar Sudan.

Nuhu yayan matata Tabawa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana da shekara goma sha biyar ya bi kawunsu gabas a ƙafa da niyyar Makka, ita kuwa tana da bakwai. Tun daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Aka jira, aka yi addu'a, aka haƙura. Shekara sittin ke nan. Alhajin ya ce a Mina ya ji wani dogon mutum cikin farar jallabiya yana cinikin lemo da Hausa mai nauyin Larabci, amma sai ya ji ya ce "wanga", irin ta mutanen ƙasarmu. Ya kama hannunsa ya tambaye shi inda ya samo kalmar. Mutumin ya ce a bakin ubansa. Sunansa Abdurrahman, ɗan Nuhu.

Ɗana na uku, Ikirima, mai sayen hatsi yana kaiwa Gummi, shi ne mai wayar shafawa a gidanmu. Muka hau tudun bayan makaranta, inda sabis yake sauka a garinmu kamar yadda shamuwa take zaɓen bishiya guda ta bar sauran, ya buga lambar. Abdurrahman ya ɗauka. Ya yi mana maraba, amma maraba mai taka-tsantsan. Ya ce mahaifinsa yana kwance, ƙafa ta daina ɗaukarsa, kuma tuntuni wani matafiyi ya gaya wa tsohon cewa agana ta share gidansu kaf. Ya ce sau biyu wasu suka zo da sunan dangi, daga baya aka gane ba su ba ne, kuma kowane karo tsohon sai da ya yi jinya. Saboda haka yanzu sharaɗinsa guda ne. A turo masa fuskar Tabawa. Akwai abin da zai duba a kanta, kuma ba zai faɗi ko mene ne ba.

Tabawa tana da zanen Zamfarawa a kunci biyu, da bille a hagu wanda ya gangaro daga gefen hanci, ya rabu biyu a ƙarshe kamar harshen damo. Ni na daɗe ina kallon wannan rabuwar. Ba ta san dalilinta ba, ni ma ban sani ba, amma duk muka yi zaton ita ce abin da za a duba.

A nan ne na shigo da nawa kuskuren.

Wayar Ikirima tsohuwa ce. Gilashinta ya tsage, bayanta da roba aka ɗaure shi, kuma in ta ɗauki hoto sai ka ga mutum kamar ana hango shi ta cikin hayaƙin ɗanyen itace. Ni kuwa na taɓa ganin wata sabuwa a hannun wani direba a tashar Bukkuyum. Ba ta buɗewa sai ya ɗora mata babban yatsansa. Na roƙe shi na ɗora nawa, ta yi ɗan gurnani ta ƙi. Kwana uku ina tunanin wannan. Ƙarfe da gilashi, ba jini ba hanci, amma ya san mai shi kamar yadda doki ya san ubangijinsa! Na ce wa Ikirima fuskar da za ta ƙetare ƙasashe bayan shekara sittin ba za ta tafi a cikin wannan tsumma ba.

Maganar ta kai rumfar mai shayi da safe, kowa ya tofa nasa. Mai shayi ya ce sabuwar waya da tsohuwa duk uwarsu ɗaya, bana a ƙara mata ido ɗaya a baya, baɗi a ƙara mata tsawo, magana dai ita ce magana. Wani ɗan kabu-kabu ya ce ƙarya ne, tasa sabuwa tana kwana biyu ba caji, ta da kuwa kafin azahar ta suma. Limamin unguwarmu ya ce shi tasa mai madanni ta faɗa rijiya an ciro ta, an shanya ta a kan danga, ta ci gaba da aiki, a nuna masa mai shafawar da za ta yi haka. Marka taubashiyata, mai tuyar ƙosai a gefen rumfar, ta ɗago matsami ta nuna ni.

"Ku bar wanga tsoho da sabon abu. Ran da anka kawo injin niƙa, wuni yay yi gabanshi baki buɗe har ƙuda sunka yi mai gida a ciki."

"Ke kuwa," na ce, "kaskonki tun zamanin Turawa shi na, shi ya sa ƙosanki ka ɗanɗanon tarihi."

Aka yi dariya, amma ni na ci nasara a gida. Ikirima ya haɗa tsohuwar da buhun wake, ya tafi Gummi, ya dawo da sabuwa a cikin farin kwali. Sirara ce, sumul, baƙa kamar ruwan rijiya mai zurfi. In ka duba ta a kashe sai ka ga kanka a ciki.

Washegari da hantsi Tabawa ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwalinta na Sallah, ta zauna a kan turmi a tsakar gida. Ikirima ya ce, "Inna, ɗago haɓa kaɗan." Wayar ta yi ƙyas. Muka taru muka leƙa.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na gani ba. Tabawa ce, ɗankwalinta ne, idonta ne. Amma fatar ta yi luwai kamar bayan sabuwar ƙwarya, ta yi haske, tamojin goshi duk sun kwanta. Yarinyar da na fara gani a bakin gulbi tana wankin gero, ita ce ta leƙo ni daga cikin gilashi. Na zauna a ƙasa. Na ce lalle wannan waya tana ganin abin da ke ƙarƙashin shekaru. Tabawa ta karɓa ta daɗe tana kallo, sannan ta rufe baki da gefen zane.

"Malam, ashe haka nike har yanzu?"

"Haka kike," na ce, kuma a lokacin na yarda da abin da na faɗa.

Murna ta rufe mana ido. Ba wanda ya lura cewa tare da tamojin, zanen kuncin ya dushe har ya ɓace, billen kuwa ko alamarsa babu. Tsagar tsohuwa ai ta riga ta shige cikin tamoji, wayar ta haɗa su ta share gaba ɗaya. Ikirima ya hau tudu ya tura.

Amsa ta zo bayan la'asar, muryar Abdurrahman ce a naɗe. Ya ce an kai wa tsoho hoton, an sa masa tabarau, ya duba, ya mayar da wayar, ya juya fuska ga bango. Ya ce wannan mata ko Bazamfara ba ce.

Sai a sannan muka koma muka duba. Ikirima ya sake ɗauka a rana, ya ɗauka a inuwa, ya matso har wayar ta kusa taɓa hancinta. Kowane karo sai hoton ya fito da zanen na ɗan ƙiftawar ido, sannan wani abu ya bi ta kansa kamar tafin magini a kan ɗanyen yumɓu, ya lailaye. Na sa aka maimaita sau bakwai don in kama hannun da ke yin shafar. Ban kama shi ba. Tsoro ya kama ni, tare da wata irin sha'awa da nake jin kunyar faɗa, domin matata tana gefe tana share ido.

Marka ce ta kawo shawara. Ta ce abin da ya dushe ai fito da shi ake yi. Ta ɗauko tandun kwalli da tsinke, ta zaunar da Tabawa, ta bi kowane zane ta cika shi da baƙi, har ƙarshen billen mai rassa biyu. Wannan karon wayar ba ta iya sharewa ba. Layukan suka fito raɗau a kan fata mai santsi. Muka ce alhamdulillahi, aka tura.

Da mun yi tunani kaɗan da mun ga yadda abin zai kasance a idon wanda aka yaudara sau biyu. Jiya mace ba tsaga, yau ga ta da tsagar kwalli. Abdurrahman ya aiko da gajeren saƙo. Ya ce su talakawa ne, ba su da abin da za a ci a jikinsu, mu ji tsoron Allah mu bar tsoho ya cika da kwanciyar rai. Daga nan ko mun buga ba a ɗauka.

Tabawa ba ta yi kuka mai sauti ba. Ta dai daina cin tuwo sai 'yar fura. Ta kan zauna a kan turmin nan tana shafa kuncinta na hagu da yatsa, kamar mai tabbatar wa kanta cewa yana nan. Ran nan na ji ta tana cewa ita kaɗai, "Da can ban da yaya, ina zaune lahiya. Yanzu ina da shi, ya ce ba ni ta ba." Ikirima ya ce zai koma ya karɓo tsohuwar wayarsa, ya je ya tarar an sayar wa wani Bafillace da ya yi kudu da shanu.

Kwana tara muna haka. A na goma na ce a shirya, mu uku za mu Gummi, a kai wayar wurin wanda ya san cikinta, a kai masa fuskar kuma ya gani da idonsa. Muka hau babura biyu zuwa Bukkuyum, daga nan muka shiga bas.

Mai gyaran waya a bakin kasuwar Gummi sunansa Halifa, mutum mai furfura a gemu, da gilashin ƙara girma rataye a wuya. Tebur ɗinsa cike yake da wayoyi a farke, cikinsu kore da 'yan hanyoyi na zinariya kamar gari in an hango shi daga kan dutse. Na ba shi labari tun daga kwalin sabulu. Ya dubi Tabawa, ya dubi hoton, ya yi dariya har da buga cinya, sannan ya ga fuskarta ya haɗiye sauran.

"Yi haƙuri, Inna. Baba, wayarku lahiya lau take. Kara ta ka yi muku."

"Kara?"

"Masu yin ta sun lura mutane ba su son ganin kansu yadda suke. Sai sunka sa mata ta riƙa gyara huska tun ba a roƙe ta ba. 'Yan mata don wanga suka sayen ta. Duba nan."

Ya taɓa wata 'yar alama a gefe, ya ja wani ɗigo daga dama zuwa hagu. Shi ke nan. Abin da ya hana mu barci kwana tara, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba. Ya ɗaga wayar ya ɗauki Tabawa.

Wannan hoton ya fi na farko girgiza ni. Kowane zane ya fito da zurfinsa. Ga billen, ga inda ya rabu, ga wani ɗan tabo kusa da kunne da ni mijinta na shekara arba'in da tara ban taɓa lura da shi ba. Har inuwar rumfar kasuwa ana gani a cikin ƙwayar idonta. Halifa ya ce tsohuwar wayar da muka rabu da ita ba za ta taɓa nuna rabin wannan ba. Ashe duk lokacin nan wayar tana ganin gaskiya sarai, fiye da idona, sai ta rufe bakinta don kada ta ɓata wa tsohuwa rai. Na tuna mutane nawa na sani masu irin wannan hali, kuma da yawansu mutanen kirki ne.

Tabawa ta duba ta ce, "Wagga tsohuwa ta sha wuya." Sannan ta ce, "Ita za a tura."

Amma Ikirima ya ce ko an tura, za su ce wani sabon zane ne muka yi. Halifa ya ce a Gummi sabis yana da ƙarfin da za a yi kiran da ake ganin juna, fuska tana motsi, ba mai cewa kwalli ne. Sai dai a samu su ɗauka. Na ce a ba ni wayar. Ya nuna mini inda zan danne, na yi magana a ciki kamar mai magana a bakin rijiya. Na faɗi sunana da na ubana. Na ce ni na tilasta aka sayi sabuwar waya don son abin mamaki, ita ta share tsagar, mu kuma muka bi da kwalli don rashin sani. Na ce ba ma neman komai, ko sisi. Na ce in bayan an ga fuskarta tana motsi tsoho ya ce ba ita ba ce, na ɗauki alkawari ba za a sake jin mu ba.

Muka zauna a kan benci. Aka kira azahar, muka je muka yi, muka dawo. Tabawa ta ƙi ko ruwa. Can wayar ta yi wani kuka da ban taɓa ji ba, Halifa ya shafa ta da sauri ya miƙa wa Ikirima.

Ga ɗaki mai shuɗin bango, a wata ƙasa, a cikin tafin hannun ɗana. Ga fanka tana juyawa a sama. Ga Abdurrahman, fuska ba walwala. Ya juya wayar, sai ga wani tsoho a jingine da matasai, siriri kamar karan dawa, da tabarau mai kauri. A kuncinsa akwai zanen Zamfarawa.

Tabawa ta matso kusa da wayar. Ikirima ya ce, "Inna, juya hagu, ya gani." Ta juya. Daidai nan tsohon ya daskare a gilashinmu, bakinsa a ɗan buɗe, fankar ma ta tsaya. Na ce shi ke nan, ta yanke. Halifa ya ce a'a, sabis ne ya yi nauyi, murya tana tafiya. Muka ji Abdurrahman yana cewa hoton ya tsaya a wurinsu su ma, ya tsaya a kan kuncinta, bari ya kashe ya sake kira.

Wata murya mai rawa ta ce, "Bar shi. Kak ka taɓa. Matso min da shi."

Ina jin kukan jaki a can Sudan da kukan wani a nan Gummi. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Sannan muryar ta dawo, da Hausar da rabona da jin irinta tun kakata tana raye.

"Ran da wanzami yaz zo, ni anka ba ƙwaryar ruwa in riƙe. Ina da shekara takwas. Yay yi na dama, yay yi na hagu, kina ta tsala ihu. Da yaz zo kan billen sai na kasa daurewa, na saki ƙwarya na kama mai hannu. Aska tag goce. Baba yab bi ni da bulala har bayan rumbu." Ya tsaya yana numfashi. "Ni na ɓata miki huska, Tabawa. Shekara sittin ina son in ce ki yahe min."

Hoton ya saki. Fankar ta ci gaba da juyawa. Tsohon ya cire tabarau yana goge ido da bayan hannu.

Tabawa ta karɓe wayar daga hannun Ikirima, ta riƙe da hannu biyu kamar kwanon da ya cika.

"Yaya," ta ce. Ta sake cewa, "Yaya." Sannan ta ja hanci ta gyara zama. "Ashe kai na. Ka ɓata min huska, kat tahi ka bar ni da tambaya, kuma da anka gyara ta sai kac ce ba ka san ni ba."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ɗansa ya tallabe shi yana ba shi ruwa, shi ma yana dariya yana cewa wani abu da Larabci.

"Na yahe," in ji ta. "Tun ban sani ba na yahe."

Wayar ta yi ƙara cewa cajinta ya kusa ƙarewa. Halifa ya jona ta, amma igiyar gajera ce, ba ta kai benci ba. Tabawa ta sauka ta zauna a ƙasa a gindin teburin, cikin ɓawon gyaɗa da guntayen waya, ta sunkuya. Mata masu tallan nono suka ajiye ƙore suka kewaye ta. Ba ta ma san suna nan ba.

Nuhu ya fara tambayarta mutane ɗaya bayan ɗaya. Inna fa? Ta rasu shekarar fari, a ɗakinta, da sunanka a bakinta. Baba? Ya riga ta da damina biyu. Rabi ta gidan maƙera? Tana nan, ba haƙori ko ɗaya, jikoki sun fi talatin. Yalwa mai kama kifi da hannu? Allah ya ji ƙansa. Duk wanda ta ce ya rasu sai ya yi masa addu'a, matan nono su amsa da amin, duk wanda ta ce yana raye sai ya ce Allahu akbar, a gaishe shi. Aka kira la'asar suna gida na huɗu a layin masallaci, kuma Adabka ta wancan zamani gida arba'in ce.